Matatar Mai ta Kaduna: Tarihin Kafuwarta, Durƙushewarta da Matsayinta a Zamanin Sauyin Makamashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin matatar mai ta Kaduna, tun daga kafuwarta a 1980 zuwa 2025, tare da duba abin da tarihin nata yake nunawa game da yunƙurin da Nijeriya ke yi na komawa ga makamashi mai ƙarancin hayaƙin kabon. A ƙasashen Turai, matatun da suka daina tace ɗanyen mai sun daina ne saboda kasuwarsu ta ragu, dokokin kare muhalli kuma sun tsananta. Matatar Kaduna kuwa ta tsaya ne a daidai lokacin da jama'a suka fi buƙatar abin da take tacewa. Maƙalar za ta nuna cewa abubuwa biyu ne suka riƙe rayuwar wannan matata, wato bututun da ke kawo mata ɗanyen mai daga Kudu, da kuma farashin da gwamnati ke yanke wa abin da ta tace. Za a ga kuma cewa waɗannan abubuwa biyu su ne dai suke jiran shirin iskar gas da ake fatan zai maye gurbin fetur da kananzir a Arewa.

2.0 Mai a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Matata

Kafin zuwan Turawa, kalmar "mai" a bakin Bahaushe tana nufin abin da aka samo daga tsiro ko dabba, kamar man gyaɗa da man kaɗe da man shanu. Da irin waɗannan ake cika fitila a sa lagwanin auduga. Kamfanonin ciniki na zamanin mulkin mallaka su ne suka shigo da kananzir da fetur, jirgin ƙasa kuma, wanda ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa rarraba su. Harshen Hausa ya adana shaidar wannan zamani. Ya aro "kananzir" da "fetur" da "kwalta", ya kuma ƙirƙiri "baƙin mai" da "ɗanyen mai" daga abin da yake da shi. Ita kanta "matata" sunan wuri ne da aka gina daga aikatau "tace", aikin da mata ke yi wa gasara. Garwar da ake zubo kananzir a cikinta ta koma mazubin ruwa bayan an juye ta. Fitilar ƙwai da aci-bal-bal da risho duk 'ya'yan kananzir ne. Ke nan, kafin a haƙo ɗigon mai a Nijeriya, tataccen mai ya riga ya shiga ɗakin Bahaushe da madafarsa, kuma dukkansa daga ƙetare ake kawo shi.

3.0 Kafuwar Matatun Nijeriya

Kamfanin Shell-BP ya gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 1965 aka buɗe matata ta farko a Alesa-Eleme kusa da Fatakwal, mai tace ganga 38,000 a kullum, wadda daga baya aka faɗaɗa ta zuwa 60,000. Ganga ɗaya tana ɗaukar kimanin lita 159. Bayan yaƙin basasa, Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, farashin mai a duniya ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗi suka shigo, motoci suka yawaita, matata ɗaya ta kasa wadatar da ƙasa. Ƙarancin mai na tsakiyar shekarun 1970 shi ne ya sa gwamnatin soja ta yanke shawarar gina sababbin matatu da shimfiɗa bututu zuwa manyan garuruwa.

An kafa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a 1977. Matatar Warri ta fara aiki a 1978, ta Kaduna a 1980, sannan sabuwar matatar Fatakwal mai ganga 150,000 a 1989. Da aka kammala faɗaɗa Warri zuwa ganga 125,000 da Kaduna zuwa 110,000, jimillar ƙarfin matatun huɗu ta kai ganga 445,000 a kullum. A takarda, wannan adadi ya isa ya wadatar da Nijeriya ta wancan lokaci har a sayar wa maƙwabta.

3.1 Tsarin Matatar Kaduna

Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina matatar Kaduna. Ita kaɗai ce daga cikin huɗun ba ta kusa da teku ko rijiyar mai. Hujjar gina ta a can ita ce kusantar da tataccen mai ga jihohin Arewa, domin turo ɗanyen mai ta bututu ɗaya ya fi sauƙi a kan jigilar fetur da kananzir da man dizal a tankoki na tsawon ɗaruruwan kilomita. Daga Kaduna, wasu bututun suna kai tataccen mai zuwa rumbunan ajiya na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri.

Matatar tana da manyan sassa uku. Sashe na farko yana tace ɗanyen man Nijeriya mara nauyi, ya fitar da fetur da kananzir da dizal da gas ɗin girki da baƙin mai. Sashe na biyu, wanda ya fara aiki a 1983, yana samar da man juye na injuna da kakin kyandir da kwalta. Irin man Nijeriya da ke isa Kaduna bai dace da wannan aiki ba, saboda haka aka tsara sashen a kan ɗanyen mai mai nauyi da za a riƙa sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwaiti da Saudiyya. Jirgin ruwa ne zai sauke shi a Escravos, a turo shi ta Warri, ya bi bututu na sama da kilomita 600 kafin ya iso Kaduna. Sashe na uku, wanda aka buɗe a 1988, na sinadarai ne, yana sarrafa kananzir ya fitar da sinadarin da ake haɗa garin sabulun wanki da shi, tan 30,000 a shekara. Akwai kuma masana'antar ƙera durom da gwangwani a cikin harabar.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa matatar Kaduna ta fi sauran sarƙaƙiya, ta kuma fi su dogaro da abin da ba ya hannunta. Tana buƙatar bututu lafiyayye, da zaman lafiya a yankin Neja-Delta, da kuɗin ƙasashen waje na sayo mai mai nauyi. Idan ɗaya ya kuɓuce, wani sashe nata ya tsaya.

4.0 Dalilan Durƙushewa

4.1 Farashi

Tun 1973 gwamnati ta ɗauki manufar daidaita farashin mai a duk faɗin ƙasa, ta kuma kafa asusun daidaita kuɗin dako a 1975, domin mai saye a Maiduguri ya biya daidai da mai saye a Legas. Manufar tana da kyau ta fuskar haɗin kan ƙasa, amma ta raba matatun da ma'aunin riba da hasara. Matata ba ta sayen ɗanyen mai da kanta, ba ta kuma yanke farashin abin da ta tace. Ko bayan da aka sake fasalin NNPC a 1988, aka mai da kowace matata kamfani mai sunan kansa, kuɗin gyara daga hedikwata yake fitowa, hedikwata kuma tana jiran amincewar gwamnati.

Faɗuwar darajar naira daga 1986, lokacin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ta ƙara dagula lamarin. Kayan gyara da dala ake sayo su, fetur kuwa da kwabbai ake sayar da shi. A 1986 an ɗaga lita daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5. A 1993 ta tashi daga kwabo 70 zuwa naira 5, kafin a sauko da ita zuwa naira 3 da kwabo 25, sannan ta zauna a naira 11 a 1994. Kowane ƙari yakan jawo zanga-zanga, amma bai taɓa cike giɓin da ke tsakanin farashin gida da na maƙwabta ba. Wannan giɓi shi ne ya raya fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Kamaru da Benin da Chadi, shi ne kuma ya haifar da sana'ar da Hausawa suka laƙaba wa suna bumburutu, wato sayar da fetur a galan da kwalba a bakin titi alhali gidajen mai suna rufe.

4.2 Garambawul

Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a tsayar da matata duk bayan kimanin shekara biyu a yi mata garambawul, a buɗe tukwane da bututu, a wanke, a sauya abin da ya ci. A matatun Nijeriya an riƙa ɗage wannan aiki shekara da shekaru, har ya koma kwangila mai tsoka wadda ake yanke shawararta a fadar gwamnati. Sakamakon haka shi ne yawan gobara da tsayawar sashen da ke fasa mai mai nauyi ya mai da shi fetur, wanda shi ne zuciyar kowace matata. A shekarun 1990 layin mai ya zama abin yau da kullum, musamman bayan yajin aikin ƙungiyoyin ma'aikatan mai na NUPENG da PENGASSAN a 1994. Ƙasar da ke fitar da kimanin ganga miliyan biyu a kullum ta koma shigo da fetur daga waje, abin nan da Bahaushe ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

4.3 Bututu

Ko da injuna suna lafiya, matatar Kaduna ba ta aiki sai ɗanyen mai ya iso. Fasa bututu, na ɓarayi da na masu tayar da ƙayar baya, ya yawaita daga ƙarshen shekarun 1990. A 2006 an fasa bututun Escravos a mashigin ruwan Chanomi, abin da ya yanke wa Warri da Kaduna ɗanyen mai na kusan shekara biyu. Bututun da ke kai tataccen mai zuwa rumbunan Arewa su ma sun daina aiki ɗaya bayan ɗaya, dakon mai ya koma kan tankoki, wato abin da aka gina matatar don a kauce masa. Illar ba ta tsaya ga masu motoci ba. Masaƙun Kaduna da Kano da baƙin mai suke hura tukwanensu na tururi, kuma tsada da ƙarancinsa suna cikin dalilan da suka haɗu da matsalar lantarki da shigowar atamfar waje suka durƙusar da su. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1957, ta rufe a 2002.

4.4 Lissafin Riba da Hasara

A ƙarshen mulkin Cif Olusegun Obasanjo a 2007, an sayar da kashi 51 cikin ɗari na matatun Kaduna da Fatakwal ga gamayyar 'yan kasuwa ta Bluestar, wadda Alhaji Aliko Ɗangote yake cikinta. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi adawa, aka warware cinikin a farkon mulkin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, matatun suka ci gaba da zama a hannun NNPC. Sai a 2020 kamfanin ya fara bayyana wa jama'a lissafinsa da aka tantance. Lissafin 2018 ya nuna cewa kamfanin matatar Kaduna bai sami kuɗin shiga ko kaɗan daga tace mai ba a shekarar, ya kuma yi hasarar sama da naira biliyan 60. A 2021 gwamnati ta amince da dala biliyan 1.5 don gyaran Fatakwal, da kusan wannan adadi don Warri da Kaduna a haɗe. A 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaran gaggawa a Kaduna. An sanar da tashin tsohuwar matatar Fatakwal a Nuwamba 2024, aka sake tsayar da ita a Mayu 2025. Ta Kaduna kuwa ba ta koma tace mai ba har shekarar 2025.

5.0 Sinadarai: Kaduna da Eleme

Kwatanta sashen sinadarai na Kaduna da masana'antar sinadarai ta Eleme zai ƙara fito da abin da ake nufi. NNPC ce ta gina su duka biyun. Ta Eleme, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990 don samar da ƙwayoyin roba da ake narkawa a yi leda da bokiti da buhu, ta yi fama da irin cutar da ta kama matatun. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin Indorama. Cikin ɗan lokaci ta koma aiki sosai, tana biyan riba ga masu hannun jari, ciki har da gwamnati, har a 2016 aka buɗe masana'antar takin yuriya mai tan miliyan 1.4 a shekara a gefenta.

Akan danganta wannan nasara da sauyin mallaka kaɗai, amma akwai ƙarin bayani. Eleme tana kusa da filayen iskar gas da take ɗebo kayan aikinta, kuma gwamnati ba ta yanke farashin roba, kasuwa ce ke yankewa. Sashen sinadarai na Kaduna kuwa da kananzir ɗin matatar yake aiki, saboda haka duk ranar da bututu ya yanke, shi ma ya tsaya. Haka nan matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a kullum, wadda aka ƙaddamar a Mayu 2023 ta kuma fara fitar da fetur a Satumba 2024, a bakin teku aka gina ta, inda jirgi zai iya kawo mata ɗanyen mai daga ko'ina. Ta kuma fara sayar da fetur ne bayan an janye tallafi. Matatar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wadda aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na ƙasar Sin, ta nuna cewa matatar da ke nesa da teku tana iya rayuwa. Ganga 20,000 kawai take tacewa a kullum, daga filin Agadem da ke cikin ƙasar, ba ta jiran jirgin ruwa daga wata nahiya.

6.0 Komawa ga Makamashi Mai Ƙarancin Kabon

Duk lita ɗaya ta fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuwa kimanin kilo 2.7. Taruwar wannan iska a sararin samaniya ita ce babbar musabbabin ɗumamar duniya, kuma rage ta ita ce manufar yarjejeniyar Faris ta 2015. A Turai, kamfanin Eni ya mai da matatarsa ta Porto Marghera a Italiya mai sarrafa man tsirrai a 2014, Total ya yi haka a La Mède ta Faransa a 2019, matatar Grangemouth a Birtaniya kuma ta daina tace ɗanyen mai a 2025.

Nijeriya ta ɗauki nata alkawarin a taron Glasgow na Nuwamba 2021, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa 2060 a matsayin shekarar da ƙasar za ta daidaita kabon da take fitarwa da wanda take kawarwa. A watan ne aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Gadar da aka zaɓa don ƙetarawa ita ce iskar gas, wadda hayaƙin kabon ɗinta ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, matuƙar ba ta yoyo a hanya, domin ita kanta iskar idan ta tsere ba a ƙona ta ba tana ɗumama duniya ƙwarai. Nijeriya tana da ita a yalwace, har ta shafe shekaru tana ƙona ta a banza a bakin rijiyoyi, duk da dokar 1979 da ta sa farkon 1984 a matsayin wa'adin dainawa.

A aikace, farashi ne ya fi alkawari tasiri. An ƙaddamar da shirin sauya motoci zuwa gas a 2020, amma bai karɓu ba muddin fetur yana ƙasa da naira 200. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a 2024. Daga nan ne direbobin haya da masu a-daidaita-sahu suka fara neman matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG, gwamnati kuma ta kafa shiri na musamman a kanta a 2023.

A madafa kuwa, sauyin ya bi wata hanya dabam. An janye tallafin kananzir a 2016, lokacin da farashinsa na hukuma yake naira 50, kafin ƙarshen 2022 kuma matsakaicin farashin lita ya haura naira 1,000. Gidajen da suke da hali sun sayi tukunyar gas. Masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su ne mafi rinjaye a Arewa, sun ajiye risho sun koma itace da gawayi, a yankin da hamada ke kwararowa. Barin man fetur irin wannan bai rage hayaƙi ba, ya dai mayar da shi huhun mata da yara, ya kuma ƙara sare itatuwa. An gudu ba a tsira ba.

Abin da zai kawo iskar gas Arewa da araha shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yuni 2020 bisa shirin gamawa cikin shekara biyu. Sai a tsakiyar 2025 aka sanar da cewa aikin ya tsallake kogin Neja. Kafin iskar ta fara gudana a cikinsa, a tireloli ake dakon ta zuwa Arewa, kuɗin dakon kuma yana cin wani ɓangare na rangwamen.

7.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, za a ga cewa matatar Kaduna ba ta mutu don duniya ta juya wa fetur baya ba. An gina ta a ƙarshen dogon bututu, aka hana ta ikon yanke farashi da ikon gyara kanta, sannan aka kasa tsare bututun. Shirin iskar gas na Arewa yana tsaye a kan irin wannan tubali: albarkatun suna Kudu, masu buƙata suna Arewa, bututu ɗaya ne zai haɗa su, kuma hukuma tana da hannu a farashin. Idan aka yanke farashin da ba zai biya kuɗin kula da bututun ba, makomarsa ita ce makomar bututun Escravos. Idan kuma aka bar farashin ya fi ƙarfin talaka, to gawayi zai ci gaba da cin kasuwa. Tsakanin waɗannan biyun ne gwamnati da 'yan kasuwa za su nemo mafita, kuma shekara 45 na tarihin matatar Kaduna sun isa su zama madubin dubawa.